Kek ɗin da ya durƙusa wa amarya

Ni dai ba da niyyar sana'a na fara ba, zaman gida ne ya ishe ni. A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, ga azumi ya shigo, ga yara ba makaranta, maigida kuma daga tabarma sai kujera, rediyo a kunne. In an sha ruwa an yi asham a tsakar gida, sai in ja waya in kwanta ina kallon matan Turai da na Legas suna yi wa kek ado a YouTube. Kallon nan yana da ɗauke hankali. Faranti na juyawa, hannun matar ko rawa ba ya yi, kirim yana kwanciya sumul kamar sabon filasta. Minti takwas an gama, har da furanni a sama. Na ce a raina, wannan ai ba wani abu ba ne.

Abin da ya ƙara ruɗa ni, kek ba baƙona ba ne. Duk wadda ta tashi a gidan da ake aurar da 'yan mata ta san kek ɗin gara, wanda ake gasawa a ƙananan gwangwanaye ɗari-ɗari, a jera a bokiti kusa da cincin da dubulan da alkaki. Gwaggona ce gwanar wannan a danginmu. A tukunya take gashi, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, kuma ba ta taɓa ɗora komai a sikeli ba. Gwangwanin madara ne ma'auninta, sai ido. Tun ina 'yar shekara goma nake fasa mata ƙwai. Shi ya sa na ɗauka gashi na riga na iya, ado ne kawai ya rage.

Kek ɗina na farko ya fito a kwance, ƙwai ya yi masa yawa. Sai da na ɓata fulawa har sau uku kafin na gane dalili. Matar bidiyon tana cewa kofi, ni kuma ina ɗebowa da gwangwanin Gwaggo, alhali kofin Amurkawa mililita 240 yake ci, gwangwanin madara bai kama ƙafarsa ba. Fulawa da sukari suna raguwa, ƙwai kuwa da ƙidaya ne, yana nan yadda ta faɗa. Haka kuma in ta ce digiri 350, ba irin ma'auninmu take nufi ba, a namu lissafin 180 ne ko ƙasa kaɗan. Obin ɗina na gas ma ba shi da lamba ko ɗaya, daga hoton babbar wuta sai na ƙarama.

Sai kirim. Da yake kasuwa a rufe take, na ce sukarin aisin ai sukari ne da aka niƙa, na zuba na shayi a bilenda na markaɗa shi har injin ya fara ƙauri. A ido gari ne, a baki yashi. Babban ɗana ya lasa ya ce, “Umma, ƙasa ta zuba a ciki.” Daga baya na san na kanti ya fi duk abin da bilenda za ta iya niƙawa laushi, kuma ana ɗan sa masa garin sitaci don kada ya dunƙule. Da aka sassauta kulle na shiga Sabon Gari na sayo na gaske, tare da ledojin matsa kirim da 'yan bakunan ƙarfen nan da masu kayan kek ke kira nozul, guda 24 a roba, ban san aikin ko ɗaya ba.

Ba zan ci amanar waya ba, ta koya mini abubuwa da yawa, kuma ba ta taɓa gajiya da ni ba. Bidiyo ɗaya sai in maimaita shi sau ashirin, ƙarfe ɗayan dare, babu mai tsaki. A nan na koyi a bar kek ya huce sarai kafin a taɓa shi da kirim, a yanke tudun samansa ya daidaita, a fara yi masa shafi siriri wanda zai kama ɓurɓushi, a sa a firiji ya ɗan daskare, sannan a yi shafin gaske. A nan na koyi kalar ruwa ta 'yar kwalba tana tsinka kirim, mai kauri ake so, a lakato da tsinken sakace. Ja da baƙi kuma a haɗa su tun jiya, don kala tana ƙara nuna in ta kwana, baƙi ma a fara da garin koko kada ɗacin kala ya yi yawa. Karatun da nake yi ni kaɗai ne ya sa na san ainihin ruwan banila na Amurka, bisa dokarsu, sai ya ƙunshi giya aƙalla kashi 35 cikin 100, kuma jelatin da yawa daga fatar alade ake yin sa. Tun daga nan ba na sayen filebo ko jelatin sai na juya bayan kwalin na karanta. Wannan ko a ajin da na shiga daga baya ba a faɗa ba, ni ce ma na ɗaga hannu na tuna musu.

Amma akwai abin da bidiyo ba ya nunawa. Ba ya nuna na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki a kicin ɗin matar. Ba ya nuna sau nawa ta mayar da kek firiji tsakanin wannan yanka da wancan. Bota ta gaske tana fara narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, mu kuma a bazara sai ya haura 40, kicin ɗina ga kwano a sama ga obin a gefe. Sai in kwaɓa kirim ya yi kyau, kafin in cika leda ya koma kunu. Ga wutar NEPA da ba ta da alƙawari, firiji ya zama kabad. Shekara guda cur ina zargin hannuna a kan abin da laifin rana ne, ina kuma zargin rana a kan abin da laifin hannuna ne, babu mai raba mini gardama.

Na taɓa gwada irin ajin nan na WhatsApp, mai araha. Ka tura kuɗi a zuba ka a rukuni, mu fiye da ɗari biyu. Abin da aka turo mana bidiyoyi ne, biyu daga ciki na riga na kalle su kyauta. Na ɗauki hoton furena da ya lanƙwashe na tura na ce don Allah ina kuskurena, sai wata ta amsa da hoton babban yatsa. Kwana uku aka rufe rukunin.

Duk da haka na fara suna a unguwa. Kek ɗin zagayowar ranar haihuwar yara, na walimar islamiyya, na maƙwabciya da mijinta ya dawo daga Umara. In gefe bai yi sumul ba sai in rufe shi da taurarin kirim, in bi da 'yan duwatsun sukari, a ɗauki hoto ta ɓangaren da ya fi kyau. Mutane suna ta sa albarka, ni kuma kaina na ƙara girma.

A watan Maris na 2022, lokacin da ake rububin ɗaura aure kafin azumi, aka sa bikin ƙanwar maigidana. Hajiya, surukata, ta ce a wajen taron dangi, “Me za a kai kuɗi waje, ga matar yayanta tana yi?” Kek mai hawa biyu aka ce, fari da ruwan gwal, na ranar kamu. Ban taɓa yin mai hawa ba, amma na kalli yadda ake yi, sai na ce ba komai.

Na san ana soka sanduna a na ƙasa don su ɗauki nauyin na sama. Ban same su ba, sai na yi amfani da tsinken tsire, na kakkarya da hannu, wani ya ɗara wani tsawo. Abin da ya wuce ni gaba ɗaya shi ne kwalin da ake sawa a ƙarƙashin hawa na sama. A bidiyon an riga an manna shi kafin a kunna kyamara, ni ban taɓa ganinsa ba. Na ɗora kek a kan tsinke kai tsaye. Na haɗa komai tun a gida, na fito bayan azahar, rana tsaka, na tari adaidaita sahu na rungume kwali a cinya. Muna cikin cunkoso na ji kwalin yana ɗumi. Da hanya ta buɗe direba ya taka, muka hau tudun rage gudu, sai na ji wani abu ya motsa a ciki a hankali, kamar yaro ya juya a goyo.

A ɗakin taro na buɗe. Na sama ya zame ya jingina da bangon kwali, tsinkaye sun huda shi sun leƙo, na ƙasa ya tsage gefe guda, kirim ya malalo. Ƙawayen amarya suka yi cirko-cirko. Facalata ta leƙo ta ce, “Kai, kek ɗin nan da ladabi yake, tun kafin amarya ta iso har ya durƙusa.” Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ban da ita kuka ne zai fito. Muka cire na saman muka ɓoye a bayan labule, na shafe na ƙasa da cokali, muka tsinko furannin roba daga adon kujerar amarya muka rufe tsagar. Hajiya ba ta ce mini uffan ba, kuma shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Har aka yi Sallah ban taɓa fulawa ba. Da na kwashi adashina sai na ce wa maigida zan shiga aji. Ya ce, “Abin da kike yi shekara biyu shi za ki biya a koya miki?” Na ce abin da nake ɓatawa shekara biyu dai. Kuɗin ba kaɗan ba ne, adashin kusan duka ya tafi, ban da kayan aiki da kowace ɗaliba za ta zo da nata. Mako shida, kwana uku a mako, a garejin gidan malamar, wanda ta mayar kicin. Mu goma sha huɗu ne, Anti muke ce mata. Damina ta riga ta sauka.

Ranar farko raina ya ɓaci, don cewa ta yi kowa ta gasa kek tsura, babu ado. Ni da na zo da hotunan aikina a waya. Ta hana mu kofi da gwangwani, komai a sikeli: fulawa giram 500, bota 500, sukari 400, ƙwai goma. Ta ɗebi fulawa da kofi ɗaya sau biyu, sau ɗaya a danne sau ɗaya a sake, ta ɗora a sikeli muka ga tazarar da ke tsakani da idonmu. Sannan ta yanka kek ɗina ta murza a yatsa ta ce ya yi taushi da yawa, irin wannan na ci da shayi ne, ba zai ɗauki hawa ba. Ta ba ni aron ma'aunin zafi na cikin obin in je gida in gwada. Ashe obin ɗina in na sa shi a ƙaramar wuta ma yana wuce 200, kuma bayansa ya fi gabansa zafi. Shekara biyu ina cin kek mai ƙonannen gefe da ɗanyen ciki, ina cewa fulawar yanzu ce ba ta da kyau.

Ranar da kuɗina ya fita ita ce ta farkon mako na biyu. Aka ba kowa kek da faranti mai juyawa da faifan ƙarfen da ake shafe gefe da shi. Na fara yadda na saba, ina bin kek da faifan ina zagayawa. Anti ta tsaya a bayana ba ta ce komai ba, har na gama zagaye biyu. Sai ta kama gwiwar hannuna ta manna ta da haƙarƙarina, ta kwantar da faifan ya ɗan kalli jikina maimakon ya tsaya a kan kek kamar wuƙa, ta ce, “Wannan hannun ya mutu. Ɗayan ne mai rai. Juya farantin.” Na juya. Zagaye ɗaya tak, ba tsayawa, gefen ya fito sumul kamar na matan da nake kallo. Na kalli wannan motsin a waya ya fi sau ɗari. Idona yana kan kirim da ke kwanciya, bai taɓa sauka kan hannun da ke ƙasa yana juya faranti ba.

Sai fure. Wardi ake yi da nozul mai lamba 104, wanda bakinsa ke da faɗi a gefe ɗaya, siriri a ɗayan. Faɗin a ƙasa, siririn a sama. Ana matsa ɗan tudu a kan wata ƙusa mai faffaɗan kai, a naɗe shi, sannan a bi da ganye uku, sai biyar, sai bakwai, ana murza ƙusar da yatsu. Duk wannan na haddace shi kamar karatun allo, amma nawa furen kullum kabeji yake fitowa. Anti ta ɗan kalle ni ta ce, “Baiwar Allah, ke bahaguwa ce?” Na ce da dama nake ci da rubutu, don tun ina ƙarama aka raba ni da hagu da bulala, amma wuƙa da tsintsiya da allura duk hagu ce. Ta ce, “To me ya sa kika riƙe leda da dama?” Na ce haka na ga suna yi. Ta karɓe ledar ta sa mini a hagu, ta ce masu dama suna murza ƙusa saɓanin tafiyar agogo, ni kuma in bi agogo. Na farko ya karkace, na biyu ma haka, na biyar ya zama fure. Na tsaya ina kallonsa a kan ƙusa har ya fara narkewa.

Ta kuma lura ina cika leda fal, ina damƙe ta a tsakiya, zafin tafin hannuna yana narkar da kirim kafin ya fito. Rabi ake zubawa, a murɗe sama, a matsa daga can, ɗayan hannun yatsa ɗaya kawai zai sa don saiti. Lambobin nan da nake gani a jikin nozul, su 1M da 2D da 352 mai yin ganye, ta ce tsarin kamfanin Wilton ne, wanda ya samo asali daga makarantar koyon adon kek da aka buɗe a Shikago a 1929. Na yi dariya a raina: ashe su ma waɗanda nake kwaikwayo a waya, asalin abin nasu daga aji ya fito.

Abu na biyu da na samu a garejin nan shi ne mutum mai gasa kek a ƙarƙashin rana ɗaya da ni. Anti ba ta yin kirim da zallar bota in kek zai fita waje. Majarin take sawa ta haɗa da farin man nan mai kauri da ke jure zafi, ta ƙara sukarin aisin har ya ninka man sau biyu. Ta ce ɗanɗano zai ɗan ragu, amma gara a ce bai kai na Turai daɗi ba da a ce ya zube. A bazara da asuba take ado, ko bayan isha'i. Fondan, wato lulluɓin sukarin nan da ake murzawa kamar kwaɓin cincin a rufe kek da shi, da hannu muka kwaɓa: jelatin, gulukos, gilisarin, garin CMC mai sa shi ƙarfi, da sukarin aisin. Da yake damina ce sai ya riƙa gumi yana danƙo, don sukari yana jan laimar iska. Ta hana mu sa shi a firiji, ta ce in ya fito raɓa za ta sauka a kansa kala ta zuba. Fanka ake kunna masa, a ƙara CMC. Da hunturu kuma akasin haka, sai ya bushe ya tsattsage kamar faso tun kana murzawa, don haka a rage CMC, a shafa mai a hannu, a rufe duk wanda ba a aiki da shi. Babu wata baturiya da za ta faɗa mini wannan, ba don rowa ba, ba ta san hunturu ba ne.

Ranar kek mai hawa na ba su labarina, aka sha dariya. Anti ta nuna mana kwali a ƙarƙashin kowane hawa, sanduna a auna ɗaya a yanke sauran daidai da shi, kuma in hanya da nisa a kai kowane hawa a kwalinsa, a haɗa a can. Ta ce a ƙasan mota ake ajiye kek, inda yake shimfiɗe, ba a kujera ba. Ta kuma ce ita ba ta rubuta aya a kan kek ɗin sauka, tunda za a yanka a zubar da saura. Siffar allo take yi, ta rubuta sunan yaro da barka. Na ɗauki wannan, har yau haka nake yi.

Ba kuma zan ce ajin aljanna ba ne. Faranti mai juyawa huɗu ne ga mutum goma sha huɗu, wata rana rabin lokacin a jira yake tafiya. Anti takan bar mu tsaye ta je ɗaukar bidiyon da za ta ɗora a Instagram, wani lokacin aikinmu ne ma take ɗauka ba ta ambaci mai shi ba. Yawancin lulluɓin fondan a kan kek ɗin bogi na farin soso muka koya, wanda gefensa a miƙe yake tun daga kamfani, ba ya numfashi ba ya lotsawa. Ranar da na gwada a kan na gaske a gida sai da ya yi ciki. Da muka tambayi yadda take fitar da bakin kek mai kaifi kamar na kwali, sai ta yi murmushi ta ce wannan na babban aji ne, da kuɗinsa daban. Takardar shaidar da aka ba mu tana cikin akwati, babu mai oda da ya taɓa tambayarta.

Akwai wata yarinya da take zama kusa da ni, amarya ce, mijinta ya biya mata don kada ta zauna haka. Ba ta taɓa gasa ko kek ɗin gwangwani ba. Duk abin da Anti ta faɗa tana rubutawa tsaf, littafinta ya fi nawa kyau, amma maganar ba ta da inda za ta zauna a kanta. In an ce kada a yawaita juya kwaɓi bayan an zuba fulawa, ni sai in tuna kek ɗin da ya taɓa fito mini da tauri kamar burodin jiya, in ce ashe shi ne. Ita kuwa layi ne kawai a takarda. Ga shi a gida ba ta gwadawa, tana tsoron ɓarnar kaya. Mako shida suka ƙare hannunta bai faɗa ba. Ni tambayoyina na shekara biyu na kwaso na zo da su, kowace da tabonta, Anti tana taɓa ɗaya tana warwarewa. Da a ce ranar da na fara kallon bidiyo na shiga ajin nan, ina jin da ni ma littafi mai kyau kawai zan fito da shi. Da kuma na shiga tun bayan wata shida, da kek ɗin ƙanwar maigida bai durƙusa ba. Yanzu in wata ta tambaye ni, cewa nake ta sayi sikeli da ma'aunin zafi tukuna, ta gasa kek goma ta ɓata, sannan ta nemi aji mai mutane kaɗan a garinsu, ta je ta leƙa kafin ta biya, ta ƙirga farantan juyawa, ta ga ko malamar tana zagayawa tana kama hannu ko tana gaba ne kawai ana kallonta. In kallo ne, wayarta ta ishe ta.

Makon ƙarshe Anti ta sa kowa ta kawo lissafin kek ɗin da ta taɓa sayarwa. Ni fulawa da sukari da bota da ƙwai kawai nake ƙirgawa in ɗora ɗan abu a kai. Ta ce ina gas, ina kwali da faifan ƙasa da ribon, ina kala, ina kuɗin adaidaita zuwa kasuwa da dawowa, ina awa shidan da na tsaya? Da muka tara sai ga shi kusan duk kek ɗin da na yi wa unguwa sadaka na yi ban sani ba, ba kuma da niyya ba balle in sa ran lada. Wannan lissafin shi ya riƙe ni bayan an cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lokacin da in ka je kasuwar Singa yau ka koma jibi sai ka tarar buhun fulawa ya canja kuɗi. Da yawa cikin waɗanda muka fara tare sun ajiye a wannan shekarar.

Waya kuwa ban rabu da ita ba. Sai ma bayan ajin ta fara yi mini amfani sosai, don yanzu na san inda zan kalla: gwiwar hannu, kwanciyar faifai, wurin da aka yanke bidiyo. Bakin kek mai kaifin nan da aka ce na babban aji ne, a YouTube na koye shi, dare huɗu, da fondan ɗin da ya ƙare a tumbin yara.

Bayan wata goma sha biyar da bikin, ƙanwar maigida ta haihu. Ana saura kwana uku suna sai ga kiranta. “Anti, kek nake so, mai hawa biyu.” Ta ɗan yi shiru, sannan muka fashe da dariya tare. Na gasa ana jibi, na yi ado da asubar ranar, kowane hawa a kwalinsa, na ɗauki ledar kirim da faifai a jaka. Na ce wa mai adaidaita, “Malam, don Allah a hankali, ko kuɗin mutum uku ne zan biya.” Ya ce, “Hajiya, ƙwai kika ɗauko ne?” Na ce har guda ashirin.

A ɗakin mai jego na haɗa shi, facalata na tsaye a kaina tana kallo. Na ɗora na sama ya zauna daram, na bi mahaɗar da kirim, na jera wardi bakwai da hannun hagu. Ta zagaya shi ta gaba ta baya, ta ce, “To, yau dai ya ƙi gaisuwa.” Hajiya ta shigo, ta daɗe tana dubawa, ta ce Allah ya yi albarka. Sai ta ja ni gefe ta rage murya ta tambayi nawa ne. Na buɗe wayata na nuna mata lissafin, har da gas da kwali. Ta karanta har ƙasa, ta ɗago ta ce, “Wannan na 'yan waje ne. Na gida fa?”